Sunan da Kowa Ya Ji, Ba Wanda Ya Zo

A unguwar Zariya ta Maraɗi, in ka ce Mushe Ilyasu, ba digirorinsa ake fara tunawa ba, bikin sunan ɗiyarsa Malika ake tunawa. An yanka rago, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, mutum bakwai suka zo. Ni ne na bakwai, kuma da hannuna a ɓarnar.

Ilyasu abokina ne tun muna lakwal, makarantar boko, a Tibiri. Maraya ne, Gwaggo Azumi ta raine shi da sana'ar ƙuli-ƙuli. Muna ƙwallo, shi yana tsugune yana bin layin tururuwa da tsinke. Ya yi lissafi a Yamai, ya ƙetare teku, ya dawo jami'a yana binciken yadda abubuwa ke yaɗuwa tsakanin mutane: cuta, tsadar gero, jita-jita. Ofishinsa cike da zanen ɗigo-ɗigo da zare-zare kamar gidan gizo. Kowane ɗigo mutum ne, in ji shi.

Da aka yi haihuwar, sai ya ce bin gida-gida da goron gayyata ɓata ƙafa ne. Ordinatarsa, wato kwamfuta, ta nuna masa mutum uku da in sun ji magana, gari ya ji: Hamidu ɗan kabu-kabun hanyar Tibiri, Fadila mai kitso a Jiratawa, da ni. Na sha ƙamshi kwana biyu, ina zaton daraja ce. Matata ce ta warware mini: "Malam, na'ura ma ta gane bakinka ba ya riƙe ruwa."

Ya faɗa mana ranar suna, mu kuwa muka yi aiki. Kafin kwana uku har launin ragon an sani a Sabon Gari. Amma kowa ya ji, sai ya zauna jiran goronsa. Wa zai saka babbar riga ya tafi sunan da ya tsinta a bakina?

Na sauran mutane mai sauƙi ne. Gwaggo Azumi ce ba ta zo ba, ba ta aiko ba, ta kuma daina ɗaukar wayarsa. A nan dariya ta ƙare wa Ilyasu, don ba shi da uwar da ta wuce ta.

Ni na raka shi Tibiri da ƙwaryar goro. Ya cire takalmi, ya durƙusa. Ta ci gaba da murza ƙulinta.

"Gwaggo, ai na san labari zai iso miki."

"Ya iso, ɗan boko. Ina bayan babur Hamidu ya hwaɗa mini, tsakanin tsadar mai da mutuwar jakin wani."

Ta juyo kaina. "Kai kuma, sarkin baki, an ce na'ura ta naɗa ka?"

Sau uku muna komawa. A na uku ya ɗauko jaririyar ya aza mata a cinya. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare.

Yanzu in an yi haihuwa a unguwa, Ilyasu ne ke fara karɓar ƙwaryar rabon goro. Ran nan na tare shi yana haki a ƙofar wani gida, na ce, "Mushe, ina ordinatar?"

Ya share gumi ya ce, "Tana nan, ba ta yi ƙarya ba, musamman a kanka. Ni ne na shekara goma sha biyar ina zana zare tsakanin mutane, ban lura cewa da ƙafa ake saƙa shi ba. Ungo goronka, kar ka ce a gari ka ji."