Rabin Aski

Ni wanzami ne, ubana wanzami, kakana ma da zabirarsa a kafaɗa ya taso daga ƙasar Sakkwato ya zo ya zauna a bakin wannan kogi, nan gabas kan hanyar Makka, cikin masu jin Larabci. A ƙauyenmu da ke kudu da garin Sinnar, duk wanda bai haura shekara arba'in ba, namiji ko mace, ni na fara sa masa aska a ka ranar suna. Yadda ubana ya koya mini nake yi: in ɗora jariri a cinyata, in tallafe ƙeyarsa da hannun hagu, in yi bisimilla. Ban taɓa yanka kan ɗan kowa ba. Na faɗi wannan ne don a san abin da aka so a raba ni da shi, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kafin dariya ta zo.

Da fitsari abin ya fara. In je in tsuguna, in yi ta jira kamar mai jiran mota. Na sha saiwoyi iri-iri, har ƙaho na sa aka yi mini, a banza. Da babban ɗana ya ja ni asibitin birnin Madani, aka gwada jini, aka ɗebi tsoka, likita ya ce sankara ce a burustata, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ya ce ba ta yaɗu ba, za a kashe ta da hasken na'ura, wanda suke kira ashi'a.

Mako bakwai na yi a can, a gidan wani ɗan'uwanmu. Kowace safiyar aiki a sa ni in sha ruwa har marata ta cika tam, in kwanta a wani gado mai sanyi, na'ura ta zagaya ni tana gurnani. Ba zafi, ba wari, ba abin da ido ke gani. Ma'aikaciyar da ke kwantar da ni, wata yarinya ce mai fara'a, sa'ar 'ya'yana, ita ta yi mini ɗigo uku na tawada a fata don na'ura ta riƙa gane wurin. Na ce mata ni da na yi shekaru ina yi wa mutane tsaga, yau ga mace ta yi mini tawa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ya haj" take kirana, ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba.

Na dawo gida da murna, ina zaton an gama. Ina! Ashe maganin ma da nasa rabon. Fitsari ya koma ba ya sallama, in ya zo, ya zo ke nan, ko a tsakiyar magana nake sai in bar mutum da baki buɗe. Bayan gida kan zo da ɗan jini wani lokaci, dole na bar yaji, ni da ba na iya cin tuwo sai na ji harshe na raɗaɗi. Ga gajiya, in yi wa mutum biyu aski in ji kamar na wuni ina noma. Sannan ga allurar da ake yi mini duk wata uku. Ita ce mai sa ni zufa. Ina zaune lafiya lau sai zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, ruwa ya yi ta tsiyaya har rigata ta jiƙe.

Laifina ɗaya, kuma na yarda da shi: ban gaya wa kowa ainihin abin da ke damuna ba. Wa zai zauna gaban surukansa ya ambaci wannan wuri? In an tambaye ni sai in ce ciwon mara ne, an yi magani, Alhamdu lillahi. To, wata safiya da sanyi, kowa ya naɗe da mayafi a ƙofar masallaci, sai zufar nan ta karyo mini. Mutane suka zuba mini ido. Kafin la'asar magana ta gama gari: wutar na'ura ce ta zauna a jikin Wanzam, ga ta nan tana fita, kuma tana illa ga jarirai da masu ciki.

Ni ban ji ba. Matar maƙwabcina ta haihu, na wasa asake tun jajibirin suna, na sa riga mai kyau, na zauna ina jiran aike. Sai yara suka zo suna cewa an ɗauko wani wanzami daga ƙetaren kogi a kwalekwale. Kai! Na tashi zan tafi gidan maƙwabcin in ji dalili, uwargidata ta tare ƙofa. Ita ta gaya mini abin da ake faɗa. Na zagi wanda ya fara maganar, na zagi wanda ya yarda da ita, na yi jifa da zabira har ƙahonina suka watse a tsakar gida. Ta tsaya na gama, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Suna uku aka yi a wannan rani, ba a kira ni ko ɗaya ba. Tsofaffi dai suna zuwa aski, wani ma cewa ya yi, "Mu ai mun gama haihuwa, ƙona mu." Na yi dariya, amma abin ya soke ni.

Abin da ban gaya wa ko uwargida ba shi ne, ni ma na fara tsoro. In ba wuta ba ce, mene ne wannan zafi da ke taso mini? Kuma me ya sa ma'aikatan suke fita su rufe ƙofa mai nauyi kafin su kunna na'ura? A lokacin autata na ɗauke da cikin fari. In ta zo gaishe ni, sai in tashi in ce ana jirana a waje. Ta ɗauka fushi nake da ita, ta je ta yi wa uwarta kuka. Uwargida ta same ni ta ce, "Malam, ni da muke ɗaki ɗaya da kai, ka ga na ƙone?" Na ce ke ai ba jaririya ba ce. Ta ce Allah ya shirye ni.

Da cikin ya tsufa, lokacin da ya kamata a kawo ta goyon ciki gidanmu kamar kowace mai haihuwar fari, uwar mijinta ta ce a'a. Tsohuwa ce mai kafiya, mun san juna tun muna yara. Ba ta ɓoye dalili ba, kuma ban iya musa mata ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Duk wata uku nake komawa Madani a gwada jinina. Akwai wata lamba da suke dubawa, in ta sauka ciwon na kwance, in ta hau ya motsa. Kwana biyu kafin tafiya ba na jin daɗin abinci, kuma a mota kusa da ƙofa nake zama, direba ya riga ya san in na buga masa ƙarfe tsayawa zai yi. A zuwan farko lamba ta sauka. Na so in tambayi likita maganar wutar, amma layi na bayana, shi kuma yana ta zuba Larabci da sauri, kunya ta rufe mini baki. A zuwa na biyu ma ta ƙara sauka. Na fito da takarda a hannu, na zauna wurin wata mata mai shayi a gindin bishiya a harabar asibiti, ya kamata in yi murna amma zuciyata na gida.

"Ya haj!"

Ma'aikaciyar nan ce mai ɗigon tawada. Ashe duk lokacin da take kwantar da ni da ciki take, mayafi ya ɓoye. Ta haihu, ta dawo aiki, uwarta ce ke kawo mata jaririyar ta sha nono a lokacin hutu. Ta miƙo mini ita tana cewa in sa mata albarka. Na zabura na ja da baya har na ture kofin shayi.

Ta ce lafiya? Na gaya mata komai, da Larabcina na kasuwa. Da farko ta yi dariya, da ta ga idona sai ta daina. Ta ce, "Ya haj, in ka wuni a rana ka shiga ɗaki, rana na bin ka ciki? Ana kashe na'ura, shi ke nan, babu abin da ya rage a jikinka. Mu muna fita ne don kullum muna wurin, shekara da shekaru. Zufar kuma ta allura ce, ba ta ashi'a ba." Ba ta jira amsata ba, ta ɗora mini yarinyar a cinya.

Hannuna na hagu da kansa ya tafi ƙeyarta. Wata shida rabona da in ji wannan ɗumi. Na duƙar da kai don kada mai shayi ta ga fuskata.

Da za mu rabu ta ce, "Ka koma ka gaya musu sunan ciwonka. Ɓoyewar da ka yi ce ta ba su fili."

Na kuwa gaya musu. Ran Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci na ce jama'a a dakata. Na ce sankara ce ta kama ni a burustata, na faɗi inda take, na faɗi yadda ta fara da yadda aka yi maganinta. Na ce babu wuta a jikina sai ta fushin da nake yi da su. Na ce duk wanda ke tsugunawa yana jiran fitsari ya daina yi mini kallon tausayi, ya zo in raka shi Madani. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Dattawa biyu sun same ni daga baya a ɓoye, kuma na raka su. Har yau tare muke zuwa gwaji da ɗayansu, ni yanzu sai wata shida-shida, lambar na nan a ƙasa.

Amma uwar mijin autata ba ta masallaci, kuma da aka kai mata labari cewa ta yi, mai ciwo ai dole ya wanke kansa.

Auta ta haifi namiji a gidan miji. Ana jibi suna surukina ya zo, ya durƙusa, ya kasa kallona, ya ce, "Baba, Inna ta aika ƙetare." Na ce Allah ya raya, na sallame shi. Ban yi jifa da komai ba a ranar, ƙarfin ma babu.

Uwargida ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Auta, wadda al'ada ta hana ta ko ɗaga ido ta kalli ɗan fari a gaban manya, ta buɗe baki a ɗaki cike da mata ta ce, "Wanda ya aske ni shi zai aske shi. In ba haka ba a bar shi da gashinsa." Wasu suka ce ba ta da kunya. Aka aiko a kira ni, amma tsohuwar ba ta janye aikenta na ƙetare ba.

Saboda haka ranar suna wanzamai biyu ne a tsakar gidan, ni da na ƙetare, kowa da zabirarsa. Mun gaisa, mutumin kirki ne, shi ma abin ya dame shi. Ko shayi ban sha ba tun asuba don gudun abin kunya. Uwargida ta fito da yaron ta ɗora mini a cinya kafin kowa ya yi magana. Tsohuwar ta matso ta zauna dab da ni, tana kallon hannuna kamar mai gadin tukunya a wuta.

Na yi bisimilla, na jiƙa kan, na fara daga goshi. Aska na tafiya sumul. Na gama ɓangaren dama ke nan, sai na ji shi. Fitsari. Na ce a raina, haba, yau ma? Na matse, na cije, zufa kuma ta zaɓi wannan lokaci ta karyo mini a gaban kowa. Na san in na ƙara minti ɗaya, ko dai in jiƙa tabarmar mutane ko hannuna ya yi rawa a kan yaro. Na ajiye aska, na miƙa shi ga wadda ta fi kusa, wato tsohuwar, na ce, "Riƙe mini," na ruga makewayi ina tattare riga.

A can na ce shi ke nan, na ba su da hannuna. Ga zufa sun gani, ga wani wanzami a zaune, ga yaro a hannun wadda ba ta so. Na yi tsarki, na wanke hannu da sabulu har sau biyu, na daɗe a tsaye kafin in iya fitowa.

Na tarar na ƙetare bai ko kwance zabirarsa ba. Tsohuwar ta ɗora tafin hannunta a inda na aske, ta shafa ƙeyar da na tallafa, ta taɓa cikin yaron da ƙafafunsa. Shi kuwa barcinsa yake, rabin kai fes, rabi baƙi ƙirin. Ta ɗago ta dube ni, ga rigata a jiƙe sharkaf.

"Wanzam," ta ce, "haka za ka bar mini miji da rabin kai? Zo ka ƙarasa aikinka."

Mata suka fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Na zauna, ta ɗora mini shi a cinya da hannunta. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan. Idona ne ya ci amanata, sai da na share shi da hannun riga kafin in ga inda na tsaya.