Ƙullutun da ya raba ni da ɗiyata

Edita, tsohuwa ce ke gaishe ki daga ƙasar Bagudo. Shekarar da aka sauke tutar Bature ina amarya a wani ƙauye kusa da Kaoje, mijina na noman shinkafa a fadama, ni kuma ina goyon ɗiyata ta fari. Ba ta kai ga zama ba na shafo ƙullutu a nonona na hagu, kamar ƙwan kurciya, yana gudu ƙarƙashin yatsa. Gwaggona ciwon daji ya kashe ta, don haka tun ranar na fara ganin kaina a likkafani.

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta sa na tatsa a ƙoƙo, ta jefa tururuwa ciki. Tururuwar ba ta fito ba. Ta ce nono ya ɓaci, ko ɗigo kada yarinya ta sake sha. Ba mugunta ba ce, jikarta take ji. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta rufe mini baki. Aka ɗauki yarinyar aka kai wa ƙanwar mijina a Dole Kaina, da yake ita ma tana goyo. Ni aka bar ni da shan sassaƙe da hayaƙi. Wanzami ya yi mini tsaga, wurin ya yi ruwa, nono ya cika har ba na iya ɗaga tulu. Na gaji da ɗaci, na gaji da masu zuwa dubiya suna mini kallon gawa.

Bayan an yanke shinkafa mijina ya tsallaka da ni Dahomi, inda ake kira Benin yanzu, zuwa wani ƙaramin asibiti. Ungozomar wurin, Badandiya ce daga ƙabilar Dandawa, ta taɓa, ta zuƙe shi da allura, ta nuna mini abin da ya fito. Madara ce ta taru ta daskare. Ta ce irinsa kan fito wa mai ciki da mai goyo, yawanci ba daji ba ne, amma sai an duba ake sani. Sannan ta tambaye ni ina jaririyar, ta ce in ba ta nonon ta sha.

Da muka je ɗaukarta, nonona ya ƙafe. Ta dube ni ta ƙanƙame wuyan mai shayar da ita. Dole muka bar ta, can ta girma, can aka aurar da ita. Tana zuwa gaishe ni, tana da ladabi, amma Gwaggo take kirana har yau da take da jikoki.

'Yan uwana mata, in kun ji ƙullutu, ku je a duba da wuri, kada tsoro ya yanke muku hukunci. Kada kuma ku yarda a cire yaro daga nono kafin likita ya gani. Ciwona ya warke ranar da aka duba shi, amma ɗiyar ban same ta ba.