Huji a Madubin Mai Aski

Maman Biyu ba ta tashi da aikin gilashi ba. Ɗinki take yi, har ciwon suga ya fara cin idon mijinta, Mai Gilashi. Da farko layin alli yake nema ya rasa, daga baya ko mutum sai ya yi magana yake gane shi. Shagon yana manne da gidansu, don haka ta fara shiga tana riƙe masa ma'auni. Wata rana ya miƙa mata injin huda ya ce, "Karɓi, idonki ya fi nawa."

Tun daga nan huda tayil da kwalba da gilashin tebur ya zama aikinta. Ita ke riƙe inji, shi kuma ya karkata kai yana saurare. Daga kukan bakin injin, wanda aka yi wa gefe da garin daimon, yake gane ko ruwan da ake zubawa a wurin hujin ya yi kaɗan ko ta danna da yawa. Mutane su kawo aiki su dawo su karɓa, suna yabon hannun Mai Gilashi. Ba wanda aka yi wa ƙarya, ba dai wanda ya tambaya ne.

Sai mai aski na bakin titi ya koma sabon shago. Yana da wani tsohon madubi da ya gada wurin mahaifinsa, ya fi ƙofar ɗaki faɗi, yana so a huda kusurwoyinsa a ɗaure shi a bango. Ya rantse madubin ba zai sake hawa mota ba, sai dai a zo a yi aikin a shagonsa.

Da suka isa, mai aski ya ga ita ce ta durƙusa tana ɗaura baki a inji.

"Baba, wai Hajiya ce za ta huda?"

"Ita ce," in ji Mai Gilashi. "An daɗe ita ce."

Masu jiran aski suka matso, wani da rabin kai a aske ya ce yau za a sha kallo.

An kwantar da madubin rub da ciki a kan bargo. Ta kewaye kowace alamar huji da yumɓu, ta zuba ruwa a ciki. Ta karkata injin har bakin ya kama, sannan ta miƙe shi a hankali. Ruwan ya yi fari kamar madara.

"Sassauta," mijin ya ce. "Yauwa. Bar shi ya ci da kansa."

Rabi take hudawa ta tsaya, don in baki ya ɓulle ta gefe guda yakan ɓantare gilashi. Da ta yi wa kusurwa huɗun haka, suka taru suka juya madubin, mai aski yana ta "A hankali, don Allah, a hankali." Yanzu fuskarta take gani a ƙarƙashin injin, gumi na ɗiga daga haɓarta.

Kusurwa uku suka ɓulle lafiya. Tana cikin ta ƙarshe, mai walda na maƙwabta ya tayar da janareta. Ƙara ta cika shagon.

"Ba na ji!" Mai Gilashi ya ɗaga murya. "Maman Biyu, tsaya, ba na jin komai!"

Ita ma ba ta ji shi ba. Abin da ta ji a tafin hannunta ne, ƙas! Ta saki makunni. Tsaga ta fita daga hujin zuwa gefe, kusurwar ta rabu, guntu kamar babban yatsa.

Wani ya ruga ya sa aka kashe janareta. Mai aski ya tsuguna ya ɗauki guntun, yana juya shi a hannu.

"Me ya faru?" Mai Gilashi ya tambaya. "Ku gaya mini mana."

"Kusurwa ta tafi, Malam," ta ce. "Tsagar waje ta yi, ba ta shiga ciki ba."

Ta juya wurin mai aski. "Ɗan'uwa, laifina ne. Da huji uku ba zai zauna a bango ba, sai an yi wani hujin can ciki kaɗan. In ka ce in bari, na bari."

Mai aski ya shafa wurin da ya ɓantare. Mai rabin kai ya ce a nemo wani kawai, mai aski ya daka masa tsawa ya ce ba madubin ubansa ba ne.

"In ya sake tsagewa fa?"

"Ba zan yi maka rantsuwa ba."

Ya jefa guntun a aljihu. "Huda, Hajiya."

Ta goge bakin tsagar da dutsen wasa, ta sake yin kewayen yumɓu. Wannan karon ba wanda ya yarda a ƙara juya madubin, sai ta sa katako a ƙasan wurin. Mijin ya sauko daga kujera, ya lalubo gefen bargon, ya kai kunnensa kusa da gilashin. Ba mai tari. Injin yana ta zuuu, ruwa yana fari, tana ƙarawa.

"Kin kusa," ya raɗa. "Ɗauke nauyinki gaba ɗaya."

Bakin ya nutse cikin katako. Ta zare shi, ta shafa wurin da yatsa. Sumul.

Mai aski ya zauna daɓas a kujerar aski, ya ce ko ranar da aka haifi ɗansa bai sha irin wannan ba. Aka ɗaure madubin, guntulalliyar kusurwar tana ƙasa, inda kwalaben mai za su rufe ta.

A hanyar gida, Mai Gilashi ya dafa kafaɗarta kamar kullum, ya ji jakar kayan aiki ta rinjaye ta gefe guda.

"Kawo jakar in riƙe," ya ce.

Ta ba shi. Sai da suka tsallaka titi ta ce gobe akwai tayil ɗin banɗakin matar likita, kuma ƙaramin bakin injin ya cinye, sai an sayo wani.