Likitan Matashin Kai

A lungunmu, shagon ƙarshe kafin famfo, akwai wani tsoho mai gyaran rediyo. Likita muke ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Rediyon ma yanzu wa ke kawowa? Wuni yake yi a cikin matattun rediyoyi, yana hure musu ƙura da baki.

Sunan ya samo asali ne daga rasuwar matarsa. Suna cikin cin abinci ta ƙware, loma ta tsaya mata a maƙogwaro, shi kuwa sai fifita yake yi mata yana kiran sunanta, har rai ya yi halinsa. Da 'yarsu ɗaya tilo ta koma garin mijinta, sai ya tafi asibitin unguwa, ya zauna cikin sa'o'in jikokinsa ya koyi taimakon gaggawa. Ya dawo ya cusa matashin kai a tsohuwar rigar marigayiya, ya ɗaure da igiya. Kullum da yamma sai ya sunkuyar da abin nan, ya daddaki bayansa tsakanin kafaɗu, sannan ya rungumo shi ta baya, ya dunƙule hannu a saman inda cibiya za ta kasance, ya fizgo ciki da sama.

Mai ɗinkin da suka haɗa bango da ita ta fi mu duka baki.

"Baba Likita, yaya mai jiki? Audugar ta fito?"

"Zo in koya miki, 'yar nan."

"Ni? Haƙorana a cike suke, taunawa nake yi."

Haka ya bi kowa. Mai shayi ya ce ruwansa na kan wuta, mai aski ya ce sai gobe. Duk lungun mutum ɗaya ne ya iya ceton wanda ya ƙware, kuma shi ne mai cin abinci ƙofa a rufe, don kada a ga kwano ɗaya cokali ɗaya.

Ran nan da rana tsaka, yankin nama ya wuce masa ba tauna, ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya nemi tari, babu. Ya nemi murya, babu. Ya daki bango, ya sake duka, keken ɗinki na ta ruri a wancan gefen. Matashin kai na jingine a kusurwa cikin rigar matarsa, ba hannu ba ƙafa.

Sai ya tuna tambayar da ya yi a asibiti, wadda ta sa yara dariya: "Malama, in mutum shi kaɗai ne fa?" Malamar ba ta yi dariya ba, kujera ta jawo ta nuna masa.

Ya rarumo kujerarsa, ya ɗora saman cikinsa a kan majinginarta, ya danna da duk nauyinsa. Ya ƙara. Naman ya yi tsalle ya faɗa cikin wata rediyo marar murfi.

Ya zube a ƙasa yana jan numfashi. Ba wanda ya ce masa sannu.

Can ya miƙe, ya buɗe ƙofa, ya jawo kujerar waje ya zauna. Mai ɗinki ta leƙo.

"A'a, Likita, yau shan iska? Ina ka baro uwargida?"

"Na buga miki bango," ya ce, murya a dishe.

Ta dubi jan idanunsa, ta dubi gaban rigarsa sharkaf da yawu. Ƙafarta ta sauka daga kan keke.

"Wallahi na ɗauka ƙusa kake kafawa."

Ta daɗe tana murza bakin ƙyallen da ke hannunta.

"Tashi in raka ka a duba cikin nan," ta ce. "In mun dawo ka ɗauko min matashin. Amma a hankali, Baba, kaina ba ya riƙe karatu."

Likita dai har yau Likita ne a bakinmu, kwanonsa kuma ɗaya ne. Sai dai a bakin ƙofa yake ci yanzu, kuma in ya buɗe kwano, keken maƙwabta yakan yi shiru har ya rufe.