Yayana ya ɓoye azuminsa a wurin ba da jini

"Ka ci abinci?" in ji nas ɗin, kafin ta soka wa yayana Bashir allura. Ya ce ya ci. Na san yana azumin Alhamis, amma kunya ta hana ni ƙaryata shi a gaban mutane.

Jinin mutum biyu ake nema kafin a yi wa Ummanmu aiki. Abokan Yaya uku daga Ƙofar Mazugal suna kan benci suna jiran layin ba da jini.

Ledar jinin ba ta kai rabi ba, sai Yaya ya sume. Kafin ya farfaɗo abokan duk sun gudu, ɗaya har ya bar takalminsa.

Na ce, "Yaya, me ya sa ka ɓoye?"

Ya ce, "Hafsa, na zaci ladan zai fi yawa."

Nas ta miƙa masa lemo. "To sha, Malam. Babu azumin, babu jinin."

Ni kuma an ce shekaruna ba su kai in ba da jini ba. An ɗage aikin Umma zuwa Asabar.

Haushinsa nake ji, amma na fi jin haushin shirun da na yi. Gobe zan bi gidajen abokan nan da takalmin a hannuna. Don Allah, me zan ce musu su dawo?