Zuwa Inugu da Likkafanina a Jaka

Gafasa

Ranar wata Talata muka bar Gafasa, ana idar da sallar asuba, damina ta yi tsaka. Ina kan jakin maƙwabcinmu, Baba yana biye da ƙafa, jakarmu a kafaɗarsa. Ƙato da ni a kan jaki, tsoho a ƙasa! Kunya kamar in nutse, amma babu yadda na iya. A lokacin taku goma ba na yi sai na tsaya ina haki, ƙafafuna sun kumbura, barci ma a zaune nake yi. Ni Habu Tela, da nake taka keken ɗinki tun safe har magariba, sai ga shi zare ma ba na iya tsinkewa da haƙori.

Likita a Kano ya ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciyata ta lalace tun wani zazzaɓi da na yi ina yaro. Ya ce a Inugu an fara buɗe ƙirjin mutum a canja ta, ya rubuta mana takarda. Da Baba ya tambaye shi ko ana tashi, sai ya ce, "Wasu suna tashi, Malam."

Mahaifina, Malam Sa'idu, shi ne mai zama a kan masu jinya a unguwarmu. Duk wanda ciwo ya kai gargara, shi ake kira. Ya zauna a kansa yana tuna masa kalmar shahada har rai ya yi halinsa, ya rufe masa ido, ya yi masa wanka. Na so ƙanena Isa ya raka ni, tunda gyaɗa tana neman noma kuma Baba ya manyanta. Sai ya harare ni.

"Isa ya iya wankan gawa? Ya san abin da ake faɗa wa mai shirin cikawa? Na yi wa 'ya'yan mutane, sai nawa zan bari ya tafi a hannun waɗanda ba su san alƙibla ba?"

Shi ya sayo farin alawayyo a kasuwar Ajingi, ya ajiye a gabana ya ce, "Kai ne tela. Yanka." Na gwada tsawona na yanka. Inna ta tsaya a bakin ɗaki tana kallo, sai da za mu fita ta ce wa Baba, "Malam, kada ka bar shi shi kaɗai."

Ajingi, Gaya, Kano

A Ajingi muka sami motar 'yan kasuwa mai zuwa Gaya. Direban ya dubi ƙafafuna, ya dubi Baba.

"Malam, wannan ba zai cika mini a mota ba kuwa?"

"In kwanansa ya ƙare a motarka, ai ba kai ka zaɓa ba. Ja mu je."

Hanyar duk taɓo, sau biyu ana sauka ana turi, ni kaɗai a zaune kamar buhun gero. A Gaya muka sauya mota wajen hantsi. A gadar Wudil soja suka tsayar da mu, zamanin mulkinsu ne. Ɗaya ya zazzage jakarmu, ya zaro farin ƙyallen ya ce na wane ne. Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe." Ya kalle ni, ya mayar da shi a hankali, ya goge hannunsa a wando.

Muka kwana a Fagge, a zauren wani ɗan'uwan Inna. Kashegari da azahar muka shiga jirgin ƙasa, taragon talakawa, mai bencin katako.

Cikin jirgi

Zariya, Kaduna, Kafancan. Kwana biyu muka yi a cikin taragon nan, ga zafi, ga warin kifi busasshe, ga kukan yara. Guzurinmu dambu ne da ƙuli-ƙuli, ni kuwa ko ruwa na sha sai ya tsaya mini a ƙirji. Baba bai taɓa wuce Kano ba. Duk lokacin salla sai ya leƙa taga yana neman rana, jirgi yana ta karkata, yana tsaki. Da muka hau gadar Makurɗi ya ga faɗin ruwan, sai ya kama gwiwata ya riƙe har muka tsallake. Shi da ya zo riƙe ni! Na so in tsokane shi, numfashi ya hana.

Inugu

Gari ne mai tuddai da jar ƙasa, ruwa kuwa ba ya ɗaukewa. Muka tambayi unguwar Hausawa, aka kai mu gidan Alhaji Mamman, wani dillalin shanu mutumin Kademi da ya daɗe a can. Ya ba mu ɗaki, aka kawo doya da manja. Baba ya ɗanɗana ya ture kwanon. Da asibiti suka ce aikin yana cin jini da yawa, Alhaji ya kwaso mahauta daga kwata, suka yi layi aka ɗiba. Ko sunansu ban sani ba.

A asibitin babu mai jin Hausa sai wata nas, Sista Ngozi. A Sabon Garin Kano aka haife ta, rikicin da ya jawo yaƙi ne ya koro su gida. Ita ta yi mana tafinta. Ta ce bayan aiki za a kai ni wani ɗaki da ba a barin kowa ya shiga, kuma zan farka da roba a maƙogwaro, ba zan iya magana ba.

Baba ya ce, "Ko ni ubansa?"

"Ko kai, Baba."

"To in mutuwa ta zo masa a ciki, da wane bakin zai yi shahada?"

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Da Sista ta fita sai ya kama hannuna na dama, ya miƙar da manuniyata kamar yadda ake yi a zaman tahiya.

"Ka ga wannan? In baki ya kasa, ita ce bakinka. Zan nemi inda zan hango ka. In ka gan ni na ɗaga, ka ɗaga, ka faɗa a zuci. In na ga ka ɗaga, na san hankalinka yana jikinka da imaninka, sai in tafi masauki in kwanta."

Na ce, "To, Baba." Da safe aka tura ni a gadon taya, yana biye har ƙofar da aka tare shi.

Ɗakin gobe-da-nisa

Haka mutanenmu ke kiran irin ɗakin, kuma ba su yi ƙarya ba.

Abin da na fara ji sanyi ne. Na buɗe ido na ga fari sama, fari ƙasa, an lulluɓe ni da farin ƙyalle har wuya. Wallahi na ɗauka an gama, an sa ni a likkafanin. Na yi yunƙurin yin salati, ba murya. Wani abu ya cika mini baki har cikin ƙirji, wani inji a gefe yana hura ni yana saki, ba da izinina ba. Ƙirjina kamar an faskare shi da gatari an ɗaure da waya. Ƙishirwa kuwa, da za a ba ni ruwan kwata da na sha. Sannan na ji wani ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogo. Na yi ta neman inda yake, ashe a cikina ne, sabuwar ƙofar ce ta ƙarfe.

Mutane suna wucewa da ƙyalle a hanci, suna wani yare. Babu Sista a cikinsu. Daga baya na ji hutunta ne ya faɗo daidai ranakun.

Can na juya ido wajen taga. Ruwa yana zuba a jikin gilashi, a bayansa ga fuskar Baba. Ashe an kore shi daga baranda, ya zagaya bayan ginin, ya sami wani bulo ya taka. Hularsa ta jiƙe ta manne. Da ya ga idona a buɗe sai ya ɗaga yatsa.

Na ɗaga tawa. Hannu ya ƙi tashi.

An ɗaure mini hannu biyu a jikin ƙarfen gado, a ƙarƙashin mayafi, don kada in fizge robar. Na miƙe yatsar a cikin ƙyalle, ina miƙewa, ina faɗa a zuci, amma ina zai gani? Na fizga, na fizga, injin ya hau kuka. Suka rugo suka danne ni, aka soka mini allura, fuskar Baba ta narke.

Na sake farkawa, ban san ko yau ce ko gobe ba. Yana nan. Yatsa a sama, leɓensa yana motsi, na san abin da yake karantawa, shi yake karanta wa masu tafiya. A wurinsa ɗansa yana kallonsa da ido amma ya kasa amsawa, wato hankali ya gushe, lokaci ya yi. Ina zai tafi? Na yi ta yi masa magana da ido, Baba je ka, Baba ina ji, ka shiga inuwa. Na ji haushin mutanen nan, na ji haushin igiyar, har shi kansa na ji haushinsa don taurin kai. Na yi kuka, hawayen ya gangara cikin kunnena, ba hannun sharewa.

Sau nawa na farka na gan shi, ban sani ba. Na dai san akwai lokacin da na ga yana tari, ya dafa gilashin da goshi, yatsar tana rawa.

Rana ta uku Sista ta dawo. Aka zare robar, na yi amai, ta kwance mini hannu. Ban tsaya neman ruwa ba, na ɗaga yatsa sama, na juya wajen taga.

Gilashi ne kawai da ruwa.

"Ina Baba?" Muryata kamar ta tsohon kwaɗo.

"Yana hutawa," in ji ta, tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Babban ɗaki

Bayan mako guda aka mai da ni cikin sauran majinyata. Alhaji Mamman ya zo da jakarmu, ya zauna yana ta zancen tsadar shanu. Na ce ya miƙo mini jakar in ɗauki riga. Na laluba. Ga carbin Baba, ga butarsa, babu farin ƙyalle.

Na ce, "Alhaji, ina likkafanina?"

Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Sai haƙuri, Habu. Malam ya riga mu."

Ya ce sau biyu yana zuwa ya ja shi masauki, Baba yana cewa ba zai gusa ba sai yaron ya amsa. Sanyi ya kama masa haƙarƙari. A safiyar da aka zare mini roba, wajen hantsi, aka same shi zaune a gindin tagar, ya jingina da bango. Mutane sun yi ta wucewa suna zaton barci yake.

Kun san abin da ya fara fita daga bakina? Kaico, sana'a ba ta barin mutum. Cewa na yi, "Ya ishe shi? Ai ya fi ni tsawo."

"Mun ƙara kamu ɗaya wajen ƙafa."

"Wa ke kansa?"

"Ba kowa."

"Hannunsa fa? Da kuka ɗaga shi, yaya yatsarsa take?"

Alhaji mutum ne mai tsoron Allah, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Hannun yana cikin riga, ban lura ba."

Sista ta zo da yamma ta tsaya a kaina. Ta ce da tana nan da ta kwance hannun ko na minti ɗaya ne. Na ce mata ba laifinta ba ne, ƙarar kwana ce. Na faɗa da baki, zuciyar kuwa ta daɗe ba ta yarda ba.

Komowa

Sai da kaka ta kusa aka sallame ni. Alhaji ya kai ni maƙabartar Hausawa, ya nuna mini wani tudun jar ƙasa da ciyawa ta fara rufewa. Ya haɗa ni da wani abokin cinikinsa mai komawa Kano. A gadar Makurɗi na kama gwiwata da kaina.

Daga Gaya zuwa Ajingi direban nan ne dai. Ya gane ni, ya washe baki. "A'a, mai jaki! Lallai cuta ba mutuwa ba. Ina tsohon?" Na gaya masa. Da muka isa ya ƙi karɓar kuɗin mota.

Daga Ajingi da ƙafata na taka har Gafasa, na isa bayan la'asar. Saƙo ya riga ni, an yi zaman makoki an tashi. Inna tana takaba a ɗaki. Na durƙusa, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Mene ne ke ƙara haka?" Na ce zuciyar ce. Ta kara kunnenta a ƙirjina ta saurara.

"Bai bar ka kai kaɗai ba?"

"Bai bar ni ba, Inna."

"Shi fa?"

Na miƙa mata carbin Baba da butarsa.

Ina gode wa Allah da ya maido ni. Allah ya saka da alheri ga Alhaji Mamman, da mahautan da jininsu ke yawo a jikina, da Sista, da likitocin da suka yi iyakar yinsu. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Malam Sa'idu addu'a.

Na koma kan kekena. Amma tun daga shekarar, in ciwo ya kai wani gargara a unguwarmu, ni ake kira, kuma ko ina tsakiyar ɗinkin salla nake ajiyewa in tafi. In na zauna a kan mutum, kafin in ce komai, sai na fara ɗaga mayafi na zaro hannunsa na dama waje.