Hoton da Na Manna a Garejin Utaiƙa

Ni na manna hoton nan a bango. Na daɗe ban faɗa wa kowa ba.

A lokacin facin taya nake yi a wani gareji a unguwar Utaiƙa, shekarata biyu a Riyad. Akwai wani dattijo mai gyaran wayar mota, Musulmi ɗan Vietnam, wanda ya gudo a kwalekwale bayan yaƙinsu. Baba nake ce masa. Shi ke ajiye mini burodi in aiki ya hana ni ci.

Wata safiya aka kawo kayan gyara naɗe a jaridar Turanci. A ciki na ga hoton bikin ƙasarsu na cika shekara goma da gama yaƙi: tankoki a jere, 'yan mata da fararen riguna, jar tuta mai tauraro ko'ina. Ni kuwa iyakata firamare, amma a Kano na sha taron siyasa, bakina ya fi na lauya.

Na ce, "Baba, ka ga mutanenku! Talaka mai takalmin taya ya kori mai jirgin sama. Mu a gida, soja ne ke rushe rumfar talaka."

Ya daɗe yana kallo. Da guntun Larabcinsa ya ce, "Ɗana, tutar nan raba musu aka yi. Wanda bai fito ba, gobe za a je gidansa. Ƙanena yana tsare tun shekarar da aka gama yaƙin."

"Kai Baba, ashe kai ɗan gatan Amurka ne!"

Don tsokana na manna hoton saman teburinsa.

Bayan la'asar mai garejin ya shigo, kafilinmu, wanda fasfo ɗinmu duka ke cikin durowarsa. Ya ga jar tutar, ya tsaya cak.

"Shuyu'i? Ɗan kwaminis a garejina? Wa ya sa wannan?"

Kowa ya dubi Baba. Teburinsa ne, ƙasarsa ce. Baba ya dube ni sau ɗaya. A watan ne za a sabunta mini iƙama, takardar zama. Na sunkuyar da kai na ci gaba da goge tib ɗin taya.

Bayan kwana uku hukuma ta zo ta tafi da shi. Aka ce fita ce ba dawowa. Fita zuwa ina? Ƙasar da ya gudo daga gare ta?

Sau biyu na je ƙofar gidan da ake tsare masu jiran kora, da burodi a leda. Da na tambayi Baba, mai gadi ya ce, "Mene ne haɗinka da shi?" Na ce babu komai, na juya.

Sai da sati biyu suka wuce na tare kafili a bakin motarsa, na ce ni ne na manna hoton. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ya tafi. Koma kan tayarka."

Na koma. Iƙamata ta fito ranar Lahadi.

Har yau ban san inda aka sauke shi ba. Ina roƙon Allah gafara, amma hakkin Baba ne, kuma ban san inda zan same shi in roƙe shi ba.